Shekarar gidanmu da kaka take farawa

Duk ƙarshen Disamba sai waya ta cika da alkawura. Wannan ya ce bana zai gina ɗaki, waccan ta ce ta daina cin bashi, wani ya ce rabin albashi zai riƙa ajiyewa. Niyya ce mai kyau, ba na raina ta. Sai dai ga wanda ke zaune Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, watan Janairu ya makara wajen ɗaura niyyar tsimi. Lokacin hatsi ya riga ya shiga rumbu, ƴan kasuwa sun saye abin da za su saye sun kulle a mangaza, tiya ta fara ɗagawa, kuɗin komawar yara lakwal kuma sun daɗe da tafiya. Mu a nan ƙasa, abin da gida zai ci da abin da zai kashe ana yanke shi ne tsakanin Oktoba da Nuwamba, ko mutum ya zauna ya yanke da kansa, ko kasuwa ta yanke masa.

Ni malamar firamare ce a Maraɗi, maigidana ma malami ne. Mu takwas ne a gida: mu biyu, ƴaƴanmu huɗu, Inna mahaifiyar maigida, da ɗan ƙanensa da ya zo daga ƙauye yana kwaleji. Shekara shida ke nan muna da wata al'ada. Cikin makon da aka koma lakwal, bayan sallar isha'i, sai mu shimfiɗa tabarma mu ɗauko kaye guda, mu rubuta abin da muke son cimma a sha'anin kashe kuɗin gida daga wannan kaka zuwa ta baɗi. Abokan aiki da dama sun tambaye ni yadda muke yi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi.

Ƙa'idojin kayen ba su da yawa. Buri ba ya wuce huɗu a shekara, don wanda ya ɗauki goma ba ya kai ko ɗaya gida. Kowane buri sai da adadi da lokaci: ba ma rubuta "za mu rage kashe kuɗi", muna rubuta "buhu shida na hatsi kafin ƙarshen Nuwamba". Kowa a gidan sai ya ji shi da kunnensa, har auta. Sannan a gefen kowane buri muna rubuta dalilinsa, saboda ranar da zuciya ta so karya shi, dalilin nan ne ke riƙe mutum.

Na farko kullum shi ne hatsi

Lissafin ba shi da wuya. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai kamar kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne. Gidanmu na cin tiya ɗaya a rana tsakanin fura da tuwo da kunun safe, ban da shinkafa da masara da ake sauya baki da su. Kwana 365 ke nan buhu tara da ƴan kai. Albashin malamai biyu ba ya sayen buhu tara a zama ɗaya, balle a watan da aka sayi kaye da bik da kayan lakwal na yara biyar. Sai muka tsaya kan shida.

Dubarar tana wurin lokacin buɗe su. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu ba ma taɓa ajiya, muna awo a kasuwa tunda hatsi na da dama-dama. Ranar ɗaya ga Fabrairu muke kwance bakin buhun farko. Buhu shida tiya 240 ne, wato wata takwas, su ne za su kai mu ƙarshen Satumba lokacin da sabo ke fitowa. Ta haka watannin da tiya ke tashi, daga bazara har tsakiyar damana, ba sa same mu a gaban mai awo. Duk wanda ya ga 2005 a wannan jiha ya san abin da nake nufi. A shekarar nan hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane, har iyaye mata suka yi ta jerin gwano a wuraren jinyar yara masu tamowa.

Za a ce, ina kuɗin buhu shida a watan komawa lakwal? Daga adashi. A yawancin makarantu malamai na zubi duk wata, kuma kowa kwasar da ta zo daidai da salla yake nema. Mu ta Nuwamba muke roƙo, wadda ba kowa ke rububinta ba. Maigida na nasa zubin a makarantarsu, ni ina nawa, duka biyun muna daidaita su da kaka. Gonar gado da ke ƙauye, wadda ƙanensa ke nomawa, takan kawo buhu ɗaya, wata shekara biyu, wata shekara ko dami ba ma gani. Shi ya sa ba ma saka ta a lissafi. In ta zo, ƙari ce.

Wake ma da kaka muke saye, rabin buhu. Da can ƙwari ne ke hana mutane ajiye shi, ko kuma a zuba masa maganin da ke iya cutar da mai ci. Yanzu akwai buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincike irin na INRAN da ke nan Maraɗi. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron sai ya mutu don rashin iska. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai murfi da aka wanke ta bushe tana yin aikin, muddin an cika ta har wuya an rufe gam. Gidan da ke da wake a ɗaki, ranar da babu kuɗin nama ba a kwana da miyar lami.

Ina nanata maganar hatsi saboda na ga inda rashinta ke kai malami. Mutum ya shiga watan Yuni babu ajiya, sai ya fara karɓar tiya biyu, tiya uku wurin mai butiki, a rubuta. Kafin albashi ya zo an cinye shi a takarda. In kuma albashin ya yi jinkiri, kamar yadda yakan yi wa da yawa daga cikinmu, musamman ƴan kwantaragi, sai a koma ga masu ba da kuɗi da ruwa. Na san abokin aikin da ke canza hanyar zuwa lakwal don kada ya bi ta ƙofar wanda ke bin sa. Malamin da ke cikin wannan hali, ko yana gaban allo hankalinsa ba ya cikin aji.

Na biyu, ƙananan ramuka

Babban kuɗi mutum yakan yi tunani kafin ya fitar. Dala ashirin kuwa ba wanda ke yi mata shawara. Amma dala ashirin a kullum, a shekara jika 36 da rabi ne. Dala hamsin a kullum ta haura jika 91. Da yayyafi kogi kan cika.

Shekarar da muka fara, wata guda cur muka yi ba mu hana kowa komai ba, rubutu kawai muke yi. Duk abin da ya fita, ko ashana ce, babbar ɗiyata ta rubuta. Ƙarshen wata muka tattara, sai abubuwa huɗu suka fito fili: sayen mahaɗi dala-dala, icce, shayin fada, da kuɗin waya. Tun daga nan kowace shekara muke ɗaukar ɗaya ko biyu mu sa musu iyaka.

Mai da sukari da sabulu da gishiri yanzu sau ɗaya muke saye a wata, ranar da albashi ya shigo, a kasa su mako-mako. Kwalbar man mako in ta ƙare ran Alhamis, to Juma'a da Asabar da ƙuli-ƙuli da daddawa za a gyara miya, ba a taɓa ta mako mai zuwa. Albasa muna jiran ta Galmi ta sauko wajen Maris da Afrilu, lokacin da take arha, mu sayi mai yawa. Wata a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, wata a yanka a shanya a yi gabu. Tumatir da hunturu ake yin kauɗarsa, kuɓewa da yakuwa da ƙarshen damana. Duk wannan iyayenmu sun san shi tun kafin a haife mu, zaman birni ne ya sa muka ɗauka dole sai an aiki yaro kasuwa kowace safiya. A bayan ɗaki muna da zogale guda biyar da ke shan ruwan alwala da na ɗaurayar kwanoni, su ke ba mu kwaɗo da dambu kusan duk shekara.

Icce ya fi ba mu wuya, don tuwon mutum takwas ba abin wasa ba ne. Murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska ke kwashewa. Muka koma murhun ƙarfe irin wanda ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙera ke yi daidai da girman tukunya. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ya shigo gidaje da dama, mu ma muna da ƙaramar tukunya mai kilo 6. Ita muka bar wa kunun safe da ɗumame, lokacin da kowa ke sauri kada a makara, tuwo da wake kuma a kan murhu. Wake a jiƙa shi tun dare, tukunya a rufe ta, a kashe ragowar icce da ƙasa maimakon a bar shi ya cinye kansa. Da waɗannan kaɗai abin da muke kashewa a wuta ya ragu yadda ko Inna ta lura.

Shayi da waya kuwa sai da muka yi ciniki. Na ce, "Malam, shayin nan na fada fa ya kai buhun hatsi biyu a shekara." Ya ce, "To Madam, a duba layin da ke ƙasa da shi." Layin da ke ƙasa kuɗin intanet ɗina ne. Muka yi dariya, muka yanke: shi zai riƙa ɗaukar nauyin shayi sau biyu a mako kamar sauran ƴan fadar, ni kuma zan sayi na wata sau ɗaya, in ya ƙare ya ƙare. Ban nemi ya bar fada ba, can yake jin labarin gari, can ake taimakon juna in wani abu ya samu. Abin da na fahimta shi ne, tsimin da aka ɗora wa mutum ɗaya a gida ba ya daɗewa. In uwar gida ce kaɗai ake ƙirga wa cokalin mai, maigida na fita da aljihunsa ba mai tambaya, wata biyu ya yi yawa kayen zai koma riƙon ƙofa.

Na uku, biki

Wannan ne mai zafi, kuma mata sun fi sanin zafinsa. Hatsi da icce tsakaninka da aljihunka ne. Biki kuwa tsakaninka da mutane ne, mutane kuma suna da baki.

Malama a gari irin Maraɗi tana da dangi, tana da dangin miji, tana da abokan aiki, maƙwabta, ƙawayen foyandi, da iyayen ɗalibai. Babu makon da babu aure ko suna. Kowane aure da ankonsa, wani ma biyu, na kamu daban na wuni daban. Ga kuɗin atamfa, ga ɗinki, ga gudummawa, ga kabu-kabu zuwa da dawowa. Ga kuma tsohuwar al'adar nan ta biki tsakanin mata, inda abin da aka kawo miki kike mayarwa da ƙari, har abin ya yi ta hawa ya fi ƙarfin duka biyun. Na ga akwatunan da ke cike da atamfar da aka sa sau ɗaya, a gidan da yaro ke zuwa aji da kaye ɗaya yana rubuta darasi uku a ciki.

Abin da muka rubuta shi ne anko biyu a shekara, kuma na jini kaɗai: ƙanwa, ɗiyar wa, ɗiyar ƙanen miji. Gudummawa mun kasa ta gida uku, ta dangi na kusa, ta abokan aiki da maƙwabta, da ta sauran jama'a, kowace da adadinta da ba ya canzawa ko gidan attajiri ne ko na talaka. A farkon wata ake ware kuɗin a ambulan. Amma zuwa kam ina zuwa ko'ina. Zumunta a ƙafa take. Ina isa da wuri, in ɗaura zane in shiga madafa, in yanka albasa, in tuƙa, in wanke kwanoni, in zauna har a watse.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na ji an ce Madam ta yi rowa. Na ji an ce albashi biyu ke shiga gidan amma ko anko ba ta iya yi. A wani wuni an ɗauki hoto, masu anko a gaba, mu da muka sa namu kaya aka ce mu ɗan matsa gefe. Wata gwaggon maigida ta kira ni gefe ta ce, "Ɗiyata, mace da mutane take ado, kada ki bari a san ki da wannan." Na durƙusa na ce, "Gwaggo, gaskiyarki. Duk inda aka kira ni zan je, duk aikin da aka sa ni zan yi. Atamfar ce kawai na mayar hatsin jikokinki." Ta yi shiru, ta ce Allah ya yi albarka. Ban san ko ta gamsu ba, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ba na cikin masu cewa a watsar da biki. Gudummawar nan ita ce inshorarmu tun kafin mu san kalmar. Ranar da aka yi rasuwa ko gobara ko aka kwantar da yaro asibiti, waɗannan matan ne za su zo da ƙwarya da tabarma. Wanda ya yanke kansa daga mutane don ya tara kuɗi ya yi asarar da ta fi abin da ya tara. Abin da nake ƙi shi ne gasa, inda ake cin bashi don a fita kunyar wuni ɗaya. Wani abin da ya ƙarfafa mini gwiwa, bayan shekara biyu, malamai uku a makarantarmu suka same ni ɗaya bayan ɗaya, kowace a ɓoye, suna cewa su ma sun gaji. Yanzu a tsakaninmu mun daidaita: in bikin abokiyar aiki ya tashi, kala kawai ake faɗa, kowa ta duba akwatinta.

Na huɗu, salla da ranar da ba a zata ba

Watannin Musulunci na matsowa da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara, don haka wajibi ne a duba inda azumi da layya za su faɗa kafin a rubuta komai. A ƴan shekarun nan azumi na zuwa ne wajen ƙarshen sanyi, layya kuma gab da faɗuwar damana, daidai lokacin da hatsi ke tsada, ƴan jarrabawa ke neman kuɗi, dangi na ƙauye ke neman iri. Wanda ya bari sai saura kwana uku ya shiga kasuwar dabbobi, abin da dillali ya faɗa shi zai biya.

Mu da kaka muke sayen ɗan rago, lokacin da harawa ke arha. Dusar da ke fita daga surfen tiyarmu ta kullum nasa ce, ga ƴaƴan gawo da yara ke tsintowa, ga harawar da muke ɗaurewa a kan rufi. Yaran maza ke kula da shi, abin da ya koya musu tashi da wuri fiye da duk faɗan da na taɓa yi. Akwai kasada, dabba na iya ciwo, ana iya sace ta. Shekarar da aljihu bai kai ba kuma akuya ta wadatar, malamai sun sha faɗa cewa layya kan mai hali take. Kayan sallar yara wata biyu kafin azumi muke kai wa tela, kala ɗaya kowa, kafin ɗinki ya yi tsada tela ya fara ɓuya.

Sai asusun ko-ta-kwana. Wannan daga matan karkara na koye shi. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako a akwati, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zango. Tsarin da ya fara a ƙauyukanmu yau ya bazu ƙasashe da yawa. In macen da ke sayar da ƙosai za ta iya zubin mako ba fashi, mai albashi ba ta da hujja. Namu akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, yana ɗakin Inna, makulli na wurin maigida. Duk Juma'a ake saka abin da aka yanke. Ba a buɗe shi sai don ciwo, ko rasuwa, ko ɓarnar ruwa.

Sau biyu muka ga ranarsa sosai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki da Najeriya da Benin, kuran ya yi ta ɗaukewa, shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabo, cire kuɗi a banki ma ya zama aiki. Har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin, hatsin ajiya da wake da akwatin ɗakin Inna ne suka riƙe mu. Damanar 2024 kuma ruwa ya yi ɓarnar da har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Katangarmu ta gabas ta zube, muka tayar da ita ba mu je ƙofar kowa ba. Ban da waɗannan, kowace shekara Agusta da Satumba watannin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma duk uwa ta san bambancin kai yaro asibiti da safe da jiran yamma ana neman rance.

Inda ba ma taɓawa

A shafin ƙarshe na kayen akwai abubuwan da aka haramta wa tsimi. Magani, in likita ya rubuta, ana saye cikakke. Littafi da kaye da fitilar karatu. Nonon furar Inna da goronta. Kwanon baƙo da na almajiri. Abin da ake aika wa iyayena ƙauye. Zakka in ta kai, da fidda-kai. Marowaci na tara kuɗi ne don ya ga sun taru, iyalinsa na kallo. Mu muna rage wani wuri ne don waɗannan su samu. Duk tsimin da ya sa yaro ya ji tsoron cewa bik ɗinsa ya ƙare, ya wuce gona da iri.

Akwai wanda zai ce, duk wannan maganar masu albashi biyu ce, wanda abin da yake samu ba ya kai shi ashirin ga wata me zai tsimta? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Tsimi ba ya maye gurbin albashin da ya isa, ba ya maye gurbin biya a kan lokaci, kuma neman haƙƙi wurin da ya dace yana nan daram. Amma mai ƙaramin ƙarfi shi tsadar damana ta fi kayarwa, shi kuma mai ba da rance ya fi samu. In buhu shida ya gagara, ɗaya fa? In ɗaya ya gagara, tiya goma a jarka, a rubuta a jikinta "Agusta". Wanda ke da tiya goma a watan Agusta yana da kwana goma da ba zai sunkuyar da kai gaban kowa ba.

Ga ƴan uwana malamai, akwai wata riba da ban zata ba. Ɗiyata da ke riƙe kayen, lissafin da take jin tsoro a aji ya zama abin hannunta, don ta ga amfaninsa a tukunya. Na kai abin aji. Maimakon misalan da yara ba su taɓa gani ba, sai in ce: gida na cin tiya biyu a rana, buhu nawa zai ci daga Yuni zuwa Satumba? Yarinya na kashe dala goma kullum a ƙofar lakwal, nawa ke nan a wata tara? Sai ka ga hannuwa sun tashi, har na waɗanda ba sa magana. Wata uwa ta tare ni a hanya ta ce ɗanta ya zo gida yana ƙirga mata kuɗin magi. Na ba ta haƙuri, ta ce a'a, a ci gaba.

Bayan kowane wata uku muna sake shimfiɗa tabarma mu duba. Ba kowace shekara ake cika huɗun ba. Akwai shekarar da kaka ba ta yi kyau ba, kuɗin buhu shida suka sayi huɗu, sai muka matsar da ranar buɗewa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Akwai shekarar da aure uku na jini suka haɗu, anko ya zama uku, muka rage a kayan salla. Kayen na gyaruwa, abin da ba ma yarda shi ne a rufe shi a daina dubawa.

Na bana ga su kamar yadda suke a rubuce. Buhu shida na hatsi da rabin buhun wake kafin ƙarshen Nuwamba. Anko biyu. Zubin Juma'a ba fashi, da ƙarin dala ashirin a kan na bara. Na huɗu sabo ne, babban ɗanmu ya kawo shi: keke ɗaya na hannu kafin Janairu, don shi da ɗan uwansa su daina hawan kabu-kabu zuwa kwaleji. Shi ya yi lissafin da kansa, ya nuna mana cewa kafin hutun damana keken ya biya kuɗinsa.

Wanda ke son gwadawa, kada ya jira sabuwar shekara. Ya ɗauki kaye, ya tara iyalinsa, su yi wata guda suna rubuta abin da ke fita, sannan su zaɓi abu ɗaya ko biyu su sa masa adadi da rana. Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya rufa mana asiri, ya ba mu damana mai albarka.